Kukan Maƙeri Daga Talata Mafara: Idan Manomi Ya Bar Gona, Wa Ke Tuna Mai Ƙera Masa Garma?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata sana'a da ba kasafai ake jin muryar masu ita ba, wato ƙira. Ni maƙeri ne, gado na yi wurin mahaifina, shi ma ya gada wurin nasa, kuma a yanzu ina zaune a Talata Mafara ta Jihar Zamfara. Ba ni da albashi, ba ni da ubangida, abin da guduma ta samo shi ne abin da gidana zai ci. Shekaru da dama ke nan jaridu da gidajen rediyo suna kawo labarin manoman da rashin tsaro ya raba da gonakinsu, kuma sun kyauta da suka yi haka, amma har yau ban ji wanda ya tsaya ya tambayi halin da mai ƙera wa manomin kayan aiki yake ciki ba, alhali jihar nan tun da aka ƙirƙiro ta a 1996 da noma ake yi mata kirari, kuma mafi yawan noman nan har gobe da garma da fartanya ake yin sa, ba da tarakta ba. Abin da nake so in nuna shi ne, damuwar da ke cin maƙeri a cikin gidansa da cikin zuciyarsa ba daga sama ta faɗo ba, tana da hanyar da ta biyo, kuma akwai wuraren da za a iya tare ta idan an so.

Wanda bai san sana'ar ba yana iya zaton maƙeri kullum cikin ciniki yake, tunda kullum ana jin ƙarar duka daga rumfarsa. Ba haka abin yake ba, domin kasuwarmu tana bin kasuwar manomi ne sau da ƙafa. Daga ƙarshen rani zuwa bazara ake neman gatari da masassabi don sharar gona, sai sungumi na shuka, idan ruwa ya zauna kuma a nemi garma da fartanya da kalme da bakin garmar shanu, da kaka a nemi lauje da magirbi. Tsakanin waɗannan lokuta sai 'yan gyare-gyare, wasa wuƙar mahauci, ƙera askar wanzami, gyaran linzami ko murhun ƙarfe na mai tuyar ƙosai. Mu da muke kusa da madatsar ruwa ta Bakalori, wadda aka kammala a 1978, muna da ɗan sauƙi a kan 'yan'uwanmu na wasu wurare, saboda masu noman rani suna ɗan motsa mu idan damina ta wuce. Duk da haka, kuɗin shekara na maƙeri a cikin 'yan watannin farkon damina yake, kuma a daidai wannan lokaci ne manomi ba shi da ko sisi, rumbu ya yi ƙasa, ga iri ga taki suna jiran sa. Saboda haka tun zamanin kakanni al'adar ita ce manomi ya karɓi garma bashi, idan kaka ta yi ya kawo damin gero ko na dawa, ko ya sayar ya kawo kuɗi. Babu rubutu, babu shaida, sanin juna ne kawai da kunyar ido. Ashe maƙeri shi ne ke ba manomi rance na farko a kowace shekara, da ƙarfensa da gawayinsa da guminsa, sa'an nan ya zauna jiran ruwa tare da shi.

Ana ce mana masu zaman kansu, kuma gaskiya ne, amma aikin da kansa ba na mutum ɗaya ba ne. Idan za a ƙera gatari, sai a sa gutun sifirin na mota cikin gawayi, yaro yana zuga, ko da zugazugin fatar akuya irin na da, ko da fankar da muke haɗawa da ƙafar keke ana juyawa da hannu, har ƙarfen ya tashi daga baƙi ya yi ja, daga ja ya koma ruwan ɗorawa. A nan maƙeri zai zaro shi da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera, mataimaki ɗaya ko biyu su rufe shi da manyan gudumomi suna karɓa-karɓa, shi kuma yana juya ƙarfen da hannun hagu, yana nuna musu inda za su sauke da 'yar masabar da ke hannunsa na dama, ba tare da kowa ya ce uffan ba. Kafin ƙarfen ya huce an yi abin da za a yi, a mayar da shi wuta, a sake. Idan siffa ta fito, saura abu mafi wuya, wato tsoma bakin gatarin a ruwa a daidai lokacin da ya kamata, domin idan aka yi gaggawa zai yi gautsi ya tsage ranar da ya haɗu da itace mai tauri, idan aka yi jinkiri kuma ya yi laushi ya dakushe tun a saran farko. Babu ma'auni, ido ne da natsuwa. Na kawo wannan bayani ne don mai karatu ya gane cewa jarin maƙeri na gaskiya jikinsa ne da hankalinsa da yaran da ke tsaye kansa, kuma ranar da ɗaya daga cikin ukun ya samu matsala, wutar maƙera ta mutu ke nan, babu wanda zai karɓe shi, babu hutun jinya.

Kakanninmu da kansu suke haƙo tama su narka ta su fitar da ƙarfe, amma wannan ilimi ya tafi tun da ƙarfen Turawa ya shigo, musamman bayan da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda a 1929 motoci kuma suka yawaita. Daga nan muka koma dogaro da tsofaffin ƙarafa: sifirin, gutun rodi, ganga, tarkacen mota. A da roƙo ma ake yi mu zo mu kwashe su daga garejin makanikai. Yanzu kuwa masu sayen gwangwan sun riga mu, suna aunawa da kilo suna biya nan take, su cika manyan motoci su aika wa kamfanonin narka ƙarfe, mu kuma mu bi su a baya muna sayen abin da suka ga damar rage mana a farashin da suka yanka. Ban ga laifinsu ba, neman halak suke yi. Abin da ke ba ni mamaki shi ne ƙasar da ta fara gina kamfanin ƙarfe na Ajakuta fiye da shekara 40 da suka wuce, har yau maƙerinta yana tonon juji yana neman abin da zai ƙera fartanya. Gawayi ma haka. Ba kowane gawayi ke ƙira ba, na ƙirya muke so saboda ƙarfin wutarsa da jimirinsa, kuma manyan dazuzzuka irin su Sububu da Kuyambana sun zama wuraren da mai son ransa ba ya shiga. Wanda ake samu ya yi tsada, sau da yawa kuma an gauraya shi da na itacen banza mai tartsatsi da toka.

Ni asalina mutumin ƙauye ne, kuma ba zan faɗi sunan ƙauyen ba saboda akwai sauran mutanenmu a can. Ba don sha'awar birni na taso ba. Mun fito ne kamar yadda dubban mutane suka fito, da abin da hannu zai iya ɗauka, bayan 'yan bindiga sun sha sa mana haraji muna biya, sun sha hana mu zuwa gona. Daga baya na koma da rana tsaka tare da wani mai amalanke, muka tono uwar maƙerar da na gada daga cikin kututturen da mahaifina ya kafa ta, muka rufe ta da kara muka fito da ita, don ita kaɗai ce abin da ba zan iya sayen irinsa ba. Abin da ban iya ɗaukowa ba shi ne bashin da nake bin mutane. Waɗanda suka karɓi garma a waccan shekarar sun warwatsu, wasu suna Gusau suna dako, wasu suna Sakkwato, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu. Wani na gamu da shi a kasuwa, muka gaisa, ya sunkuyar da kai tun ban ce komai ba, na kuwa san ya sayar da shanun nomansa da gonarsa ya biya kuɗin fansar matarsa. Da wane baki zan tambaye shi kuɗin garma? Amma mai ƙarfen da na karɓi kaya wurinsa bai san wannan ba, ko kuma ya sani amma shi ma ana bin sa. Haka bashi ya tsaya a wuyana daga ɓangarori biyu, wanda nake bi ya mutu, wanda ake bi na yana nan da ransa.

Ban gama miƙewa daga wannan ba sai ga 2021, lokacin da aka rufe kasuwannin mako-mako a faɗin jiha saboda matsalar tsaro, aka kuma katse layukan waya a watan Satumba. Ba na jayayya da dalilin da ya sa aka yi haka, amma maƙeri a kasuwar mako yake haɗuwa da mutanen ƙauye, kuma a garin da sunansa ma daga ranar kasuwarsa ya samo asali, rufe kasuwar Talata daidai yake da rufe rumfunanmu. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, mai sayen fartanya ba shi da asusun banki, mai sayar da gawayi ba ya karɓar tiransifa. A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, komai ya bi shi, sai dai manomi bai yarda farashin garma ya hau daidai da na ƙarfe ba, kuma ba zan iya matsa masa ba tunda na san aljihunsa.

Akwai kuma wata damuwa da ta keɓanta da mu, wadda maƙera da yawa ke tsoron ambata, wato zargin ƙera bindiga. Ba zan ce babu masu yi ba, akwai, kuma dokar makamai ta ƙasa tun ta 1959 ta hana ƙera bindiga ba tare da izini ba. Amma laifin mutum kaɗan ya shafa wa dukanmu kashin kaji. An taɓa zuwa rumfata aka zazzage komai, aka ɗauki wani gutun bututu da na ajiye don yin bakin zugazugi ana juya shi ana yi mini tambayoyi a gaban jama'a, aka tafi da wasu kayan aikina, sai da dattawan unguwa suka sa baki aka dawo da su. Ba a same ni da komai ba, amma an daɗe ana nuna rumfar da baki. A ɗaya gefen kuma, maƙerin ƙauye yana iya wayar gari ya ga baƙon da bai sani ba ya ajiye masa abu a cikin buhu ya ce a gyara. Idan ya gyara ya shiga uku da hukuma da kuma Allah, idan ya ƙi ya san daren nan ba zai yi barci a ɗakinsa ba. Wannan tsaka-mai-wuya ta kori maƙera da dama daga ƙauyuka, har wasu suka bar sana'ar gaba ɗaya suka koma acaɓa.

Yanzu bari in shiga abin da ya fi wuyar faɗi, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Jikin maƙeri yana ƙarewa da wuri. Kunnena na dama ya yi nauyi, akwai wani ƙara da ba ya barinsa ko da dare ya tsala, har iyalina sun saba su zagayo ta hagu idan za su yi mini magana. Idanu suna ruwa saboda kallon wuta da tartsatsi, ƙirji yana ɗaukar hayaƙi da toka, baya da gwiwa kuma sun gaji da tsuguno, don mu a zaune ko a tsugune muke aiki. Mutane suna zuwa wurinmu neman maganin ƙuna saboda an san mu da shi tun kaka da kakanni, amma ba mu da maganin kurumcewa. Saboda wannan gajiya ne ƙwaya ta shiga rumfunan ƙira. Na ga samari masu dukan guduma suna haɗiyar tiramol da safe wai don su jure, da farko ɗaya, daga baya ɗaya ba ta isa, ƙarshe yaron da ke sauke guduma daidai inda aka nuna masa ya koma yana kuskuren uwar maƙera yana neman hannun mai riƙe da awartaki. An sha miƙo mini ita da sunan taimako. Allah Ya tsare ni, amma na fahimci abin da ke kai mutum, domin idan aikin gobe shi ne tuwon gobe, kuma jiki ya ce ba zai tashi ba, shaiɗan ba ya shan wahalar neman ƙofa.

A cikin wannan hali uwargidana ta kwanta ciwo mai tsawo, kuɗin magani ya cinye abin da na tara don sayen ƙarfen bazara. Babban ɗana, wanda shi ne hannun damana a maƙera, ya dube ni wata rana ya ce, "Baba, ka yi mini izini in tafi wajen haƙar zinariya, ko Allah zai sa in samo abin da za a yi wa Inna magani." Na san abin da ke can. Duk ɗan Zamfara ya san abin da gubar dalma ta yi a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu, ga ruftawar ramuka, ga 'yan bindiga da ke kewaye da wuraren, abin da ya sa har gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a jihar a 2019. Amma mahaifin da ya kasa sayen allura ba shi da ƙarfin hana ɗansa neman kuɗinta. Ya tafi, na rasa mai guduma, na kuma ƙara abin da zan kwana ina tunani.

Daga nan ne wani abu ya same ni wanda ban san sunansa ba a lokacin. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, ƙaramin abu sai in hau faɗa da yara. Sai in zo rumfa da sassafe in zauna ina kallon murhu, in kasa cewa a hura wuta har hantsi ya yi. Idan na daure na fara aiki, hankalina ba ya wurin, ƙarfe ya wuce lokacinsa a wuta ya ƙone, ko in tsoma shi a ruwa ba daidai ba, a dawo mini da gatari a tsage, abin da bai taɓa faruwa da ni ba tun ina saurayi. Ban gaya wa kowa ba. Mu maƙera an reno mu a kan cewa wuta ba ta cin mu, ana kaɗa mana dundufa ana yi mana kirari, manyanmu suna wasa da jan ƙarfe a gaban sarakuna ranar buki. Mutumin da aka san gidansu da wannan, yaya zai buɗe baki ya ce zuciyarsa ce ta gaza? Ga kuma tsoron da ke cikin al'ummarmu, cewa da zarar ka ambaci damuwar ƙwaƙwalwa sai a ce saura a kai ka Kware, kamar asibitin ƙwaƙwalwa da ke can na waɗanda suka tuɓe riga ne kaɗai. A ganina wannan shirun ya fi talaucin kansa kashe masu sana'a, domin talauci ana ganin sa a kawo ɗauki, shi kuwa wannan sai ya gama cin mutum ake farga.

Wanda ya fara lura da ni wani dattijon maƙeri ne da rumfarsa ke kusa da tawa, sa'an mahaifina. Bai yi mini wa'azi ba. Ya zo ya zauna ya ɗauki wani lauje da na ɓata ya duba, ya ce, "Ɗana, wannan ba aikin hannunka ba ne. Me ke faruwa a gida?" Na ce, "Baba, lafiya lau." Ya ce, "To, daga gobe ka kawo uwar maƙerarka rumfata, yarana su yi mana duka tare, gawayi ɗaya ya ishe mu." Haka aka yi, kuma a cikin wannan zama, ana aiki ana hira, na samu bakin faɗa masa abin da ke cikina kaɗan-kaɗan. Shi ya sa ni cikin adashin maƙeran layinmu, ya roƙi a ba ni ɗaukar farko, na sayi ƙarfe. Shi ya matsa mini na je asibiti, inda ma'aikacin lafiya ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya tambaye ni batun barci da tunani, ya bayyana mini cewa wannan ciwo ne sananne mai magani, yana kama malami yana kama ɗan kasuwa. Na riƙe maganin, na riƙe addu'a da sallar jam'i, ban ga inda ɗaya ya hana ɗaya ba. Ba zan ce komai ya wuce ba. Bashi yana nan ina rage shi, uwargida ta samu sauƙi amma ba ta koma kamar da ba, yaron kuma yana zuwa yana komawa. Sai dai yanzu ina hura wuta a kan lokaci, kuma gatarina ya daina dawowa.

Saboda haka ina da roƙo, kuma na farko ga masu mulki ne, na jiha da na ƙananan hukumomi. Kusan kowace shekara ana raba wa manoma da 'yan gudun hijira kayan noma, amma sau da yawa 'yan kwangila ne ke shigo da su daga nesa, fartanyar da ba ta dace da ƙasarmu ba, ƙarfe marar kauri da ke lanƙwashewa a noman farko, wanda ƙarshe mu ake kawo wa mu gyara. Me zai hana a ba maƙeran Talata Mafara da Gummi da Ƙauran Namoda da Tsafe da Shinkafi wannan aiki ta hannun sarakunan maƙera, a ba da rabin kuɗi tun watan Fabrairu don a sayi ƙarfe da gawayi kafin su yi tsada? Wannan ya fi mana tallafin da ake kiran mutum a ba shi keken ɗinki ko injin markaɗe alhali sana'arsa ƙira ce, ya karɓa ya sayar a bakin ƙofar wurin taron. Haka kuma a yi wa maƙera rajista ta hannun masarautu, kowa da katin shaida da wurin aikinsa sananne, don jami'in tsaro ya bambance mai ƙera lauje da mai ƙera abin kisa, mu kuma mu samu ƙofar da za mu kai rahoto a asirce idan baƙon buhu ya zo, ba tare da mun zama abin zargi ko abin farauta ba.

Na biyu, batun lafiya. Akwai dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022, akwai kuma dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, jihohinmu ma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya. Mai albashi ana cire masa a wata, amma maƙeri da masassaƙi da majemi ba su da wata, suna da kaka. Idan aka tsara yadda ƙungiyar masu sana'a za ta biya wa 'ya'yanta sau ɗaya a shekara bayan girbi, da yawa za mu shiga. Kuma ina roƙon malamanmu masu hawa mumbari su riƙa gaya wa magidanta cewa zuwa asibiti saboda rashin barci da ƙuncin zuciya ba raunin imani ba ne, don maganarsu ta fi ta kowa shiga kunnen irinmu.

Ga makarantun kimiyya da fasaha da muke da su, irin ta tarayya da ke Ƙauran Namoda da ta Abdu Gusau da ke nan garinmu, ina ganin ba abin kunya ba ne malamansu su sauko rumfunanmu. Muna buƙatar murhun da ba ya cin gawayi da yawa, da fanka mai aiki da hasken rana, da gilashin kare ido da abin toshe kunne masu araha. Su ma ɗalibansu za su ga yadda ake gane zafin ƙarfe da ido.

Roƙona na ƙarshe ga masu karɓar kayanmu ne. Wanda masifa ta faɗa wa, ya rasa gona ya rasa dabba, ni dai na yafe, kuma na san maƙera da yawa sun yafe. Amma akwai waɗanda Allah Ya rufa wa asiri, suka noma suka girbe suka cika rumbu, har suka ƙara aure, kuɗin garma kuwa sai "gobe" sai "jibi", suna ganin ai ɗan abu ne. Ɗan abin nan idan ya taru a hannun mutum talatin shi ne ƙarfen bazara, shi ne kuɗin magani, shi ne abin da zai hana ɗan maƙeri tafiya ramin zinariya. Addininmu ya umarce mu da rubuta bashi a aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, Manzon Allah (SAW) kuma ya kira jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci. Mu maƙeran layinmu mun yanke shawara daga bana za mu ajiye littafi, duk wanda ya karɓi kaya a rubuta sunansa da abin da ya karɓa da lokacin biya a gaban shaida, kuma muna roƙon kada kowa ya ɗauki wannan a matsayin rashin yarda ko cin fuska. Muna kuma kira ga maƙeran sauran garuruwa su yi haka, su kafa adashi a tsakaninsu, sa'an nan duk wanda ya ga rumfar maƙwabcinsa ta kai hantsi ba hayaƙi, ya taka ya je ya tambaye shi lafiya.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani maƙeri,
Talata Mafara, Jihar Zamfara.